Katin zaman baƙi masu zuba jari: a kawo na'urar ɗaukar zanen yatsu nan Damagaram

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Don Allah a ban fili in yi magana kan katin zaman ƙasa na baƙi masu shigowa Nijar da jarinsu. Ni dai ina goyon bayan a yi shi irin na zamani mai ɗauke da zanen yatsu da hoton fuska, don takarda kowa na iya buga ta a kwamfuta amma yatsan mutum nashi ne shi kaɗai, ba a aro.

Mu nan Damagaram abin ya shafe mu kai tsaye. Matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu tun 2011, kamfanin CNPC na China na da kashi 60, gwamnati 40, to ai dole ƙasa ta san wa ya shigo, me ya zo yi, yaushe izininsa zai ƙare. Balle yanzu da muka fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ran 29 ga Janairu 2025, kuma a watan ne aka fito da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi, har da ɗauri da tara.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. In an ce mai zuba jari mutane sai su hango Bature ko ɗan China da jaka, alhali mafi yawan masu sa kuɗi a garin nan 'yan uwanmu ne na Kano da Daura da Katsina, wani ya buɗe shago a kasuwar Dole, wani ya kafa injin niƙa ko gidan burodi ya ɗauki yaranmu aiki, wasu ma sun yi aure nan sun hayayyafa. Irin wannan bawan Allah in sai ya tafi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ya rufe shago ya biya kuɗin mota da masauki don a ɗauki yatsansa kawai, wallahi ba zai je ba, zai zauna haka nan ba takarda kullum cikin fargaba. Na sha ganin dattijo mai furfura an sauke shi daga mota a shinge, ya tsaya cikin rana da tulin takardu a leda yana ta rantsuwa, mu kuma muna ciki muna jira, abin ba daɗin gani.

Shi ya sa nake roƙon mahukunta a girka na'urar a nan Damagaram, a kai har Magaria da Matameye tunda su ke bakin iyaka, a haɗa ta da sola don matsalar wuta da rezo ba sai na faɗa ba. Kuɗin katin a rubuta shi ɓaro-ɓaro a bango da Hausa, a ba mutum rasit. A kuma bambanta kuɗin babban kamfani da na mai shago ɗaya. Sannan duk wanda ya nuna katinsa a shinge, a duba a na'ura a sallame shi, kar a sake ce masa kawo wata takarda.

Na gode.

Mai karatunku, daga Sabon Gari, Damagaram