Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), Qu Dongyu, a kan masu girbi da sussuka da shanya

Ranka ya daɗe Darakta Janar, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Akwai wani lissafi da hukumarka ta fitar a 2019, shekarar da ka kama aiki a Roma, wai kusan kashi 14 cikin 100 na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta tun daga girbi kafin ya kai hannun mai sayarwa. Ana ta maimaita lambar nan a taruka, har an ware ranar 29 ga Satumba don tunawa da asarar abinci, kuma ban ce ba daidai ba ne. Abin da ke damuna kawai shi ne duk lokacin da aka tashi maganar tan-tan ake ƙirgawa, ba a cika ambaton mutanen da suka sunkuya tun asuba suka yanke abin, suka ɗauka, suka buga, suka shiƙa, suka shanya, sannan ruwan sama ko ƙwari suka zo suka cinye musu wahalar a cikin mako guda. Su ne dalilin rubuto maka wannan wasiƙa.

Kai ɗan gidan manoman shinkafa ne a lardin Hunan, don haka ba sai na koya maka yadda kaka take ba. Ka san shinkafa in ta nuna ba ta jiran kowa, ka yi jinkirin 'yan kwanaki ta fara kakkaɓewa a ƙasa, tsuntsaye su sauka, ka yi gaggawa kuma ka yanke ta da ɗanye ta ƙi bushewa. Shi ya sa aikin wata biyu ake matsa shi cikin sati biyu ko uku, mutum yana duƙe da lauje daga fitowar rana har faɗuwarta, bayansa ya ƙage, ƙaiƙayi ya shiga wuya da hammata ya haɗu da gumi, da dare ko barci ba ya iya yi saboda susa, gobe kuma haka zai tashi ya koma. To yankan ma shi ne mai sauƙin. Bayan an tara dami sai bugu, bayan bugu sai shiƙa, kuma mai shiƙa ba ita ke da iko da lokacinta ba, iska take jira, ta ɗaga kwano sama ta tsaya, in iskar ta juya duk ƙurar a fuskarta da ƙirjinta take ƙarewa. Sannan shanya. Masara sai danshinta ya sauko wajen kashi 13 kafin a iya ɗura ta a buhu lafiya, wanda ba shi da injin busarwa kuwa tamfol ɗinsa ne da rana kawai, ido ɗaya a kan hatsi ɗaya a kan hadari, da ya ga gari ya haɗo sai kowa na gidan ya fito da gudu ana kwashewa.

Mutane da yawa suna ɗauka wannan aikin na bayan girbi gyare-gyare ne kawai, alhali wallahi a nan ake raba abinci da guba. A 2004 a Kenya mutum 125 suka rasu saboda masarar da aka ajiye ba ta gama bushewa ba, fumfuna ta kama ta, ta haifar da gubar afalatoksin. Rogo kuma kwana biyu ko uku bayan an tone shi ya fara lalacewa, mai ɗacin nan sai an ɓare an jiƙa ko an gurza an matse an shanya kafin gubar da ke cikinsa ta fita, kuma a wuraren da fari ko yaƙi ya sa mutane suka gajarta wannan aikin don yunwa, irin su Kwango da Mozambik, cutar konzo ta shanye ƙafafun yara da mata har abada. Wato matar da ke zaune tana ɓarar rogo har tafin hannunta ya tsage, ita ce ta tsaya tsakanin iyali da nakasa, amma a takarda sau da yawa ko ma'aikaciya ba a rubuta ta, taimakon gida ake ce wa abin da take yi. Inda ake biyanta ma, rahotonku na 2023 ya nuna kashi 82 take samu cikin 100 na abin da ake ba namiji a aikin gona na lada.

Kuma kar a ce wannan matsalar ƙasashe matalauta ce su kaɗai. A 2020 da korona ta sa aka rufe iyakoki, Jamus da kanta sai da ta buɗe ƙofa ta musamman aka riƙa kwaso 'yan ci-rani a jirgi, yawancinsu daga Romaniya, don kar amfanin gona ya ruɓe a fili. A lokacin kowa ya yarda aikinsu dole ne, da cutar ta lafa aka koma yadda aka saba, kwantiragin 'yan watanni, ɗaki ɗaya mutum barkatai, ana gama kaka kowa ya kama gabansa da ciwon bayansa. A Nikaragwa da El Salbado kuma masu saran rake samari ne ciwon ƙoda yake ɗauka, kuma masu bincike sun danganta abin da aiki cikin zafin rana ba isasshen ruwa ba hutu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta daɗe tana cewa noma yana cikin sana'o'i uku mafi haɗari, tare da gini da haƙar ma'adinai, kuma a ƙiyasin da ta fitar tare da UNICEF a 2021, cikin yara miliyan 160 da ke aikin ƙarfi miliyan 112 a gona suke. Ni ban ga laifin uban da ya cire ɗansa daga aji lokacin girbi ba fa, in ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago kuma ba shi da inji, hatsin na zuba, me ake so ya yi.

Na san FAO ba ta da 'yan sanda, ba ta iya tilasta wa kowace gwamnati komai. Amma ministocin noma na duniya suna zama da kai, suna jin maganarka, kuma abin da ofishinka ya sa a gaba shi masu ba da tallafi ke bi da kuɗinsu. Shekara da shekaru ƙarfin yana tafiya ne wajen iri da taki da ƙara yawan amfani, madalla da hakan, sai dai duk buhun da ya ƙaru a gona ƙarin kaya ne a kan wuyan mai ɗauka da mai bugu, in ba a taɓa ɓangarensu ba. Kuma abubuwan da suke buƙata ba wasu manya ba ne. Ƙaramin injin sussuka da za a iya ja daga gona zuwa gona, wurin shanya mai siminti da rumfa, na'urar auna danshi ta hannu, buhu mai leda biyu a ciki irin na PICS da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ke toshe iska ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Duk an gwada su, suna aiki, matsalar ba sa kaiwa, ko su kai inji ya lalace ba makaniki ba kayan gyara, ya zauna yana tsatsa.

Akwai kuma wani abu da nake roƙon ka sa ido a kai sosai. Sau da yawa in inji ya shigo, aikin da mata suka shekara suna yi da hannu suna samun ɗan abin kashewa sai ya koma hannun mai kuɗin sayen injin, wahala ta ragu amma abin shigarsu ma ya tafi da ita. Don Allah duk shirin da FAO za ta sa hannu a kai, a tabbatar masu aikin su ne masu injin, ta ƙungiyoyinsu, da bashin da za su biya bayan kaka ba a tsakiyar damina ba lokacin da ba kowa ke da ko sisi.

Sai maganar yarjejeniyar ILO mai lamba 184 ta 2001 kan lafiya da kariyar ma'aikatan gona, wadda har yau ƙasashe ƙalilan ne suka amince da ita. Ina so in ji ka ambace ta da bakinka a gaban ministocin nan, ka tambaye su me ya hana, ka kuma nemi a sa ruwan sha da inuwa da hutun tsakar rana su zama haƙƙin duk mai aikin girbi, har da ɗan ci-ranin da ba shi da takarda. Muradin da duniya ta ɗauka na rage asarar bayan girbi wa'adinsa 2030 ne, naka wa'adin kuma 2027 zai ƙare, saboda haka ina roƙon rahoton da za ku fitar nan gaba ya ƙirga awannin da ake kashewa a bugu da shiƙa da ɓara da shanya, da yawan waɗanda suka ji rauni a ciki, ƙasa bayan ƙasa, yadda kuke ƙirga tan ɗin da ya salwanta.

Allah ya taya ka riƙo, na gode.