Ba jinkiri ne laifin Hamlet ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in tanka wa makalar da ta fito a shafin adabi, inda marubucin ya kira Hamlet, yariman nan na wasan kwaikwayon Shakespeare, raggo. A cewarsa, da tun daren farko ya zare takobi ya gama da baffansa Claudius, wanda ya kashe masa uba ya haye gadon sarauta, da rayuka takwas ba su salwanta ba. Ni ma na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibaina haka, don ita ce amsar da ke kawo maki. Sai da na ajiye alli, na zauna da littafin ba mai jirana in ƙare manhaja, sannan na ga mun ɗora wa yaron laifin da ba nasa ba, mun ƙyale nasa na ainihi.

Wa ya ba shi labarin kisan tukuna? Fatalwa ce, da tsakar dare, a kan ganuwar fadar Elsinore. Ita ta ce ƙanen sarki, wato Claudius, ya tsiyaya wa sarkin guba a kunne yana barci a lambu, aka shelanta wa mutanen Denmak cewa maciji ne ya sare shi. Saurayin da ya dawo daga karatu a Wittenberg, a ce ya kashe sarki mai ci a kan maganar fatalwa? Shi kansa ya yi zargin ko Shaiɗan ne ya zo masa a siffar mahaifinsa. Shi ya sa ya sa 'yan wasa suka kwaikwayi kisan a gaban fada, ya kafa wa baffan ido, har mutumin ya zabura ya miƙe yana neman a kawo fitila. Wannan ai bin ba'asi ne, ban ga ragwanci a ciki ba.

Inda nake so marubucin ya koma ya karanta a tsanake shi ne kashi na 3, fitowa ta 3. Claudius na durƙushe shi kaɗai yana ƙoƙarin addu'a, ba dogari ko ɗaya. Hamlet na tsaye a bayansa, takobi a zare, shakka kuma ta riga ta kau. Sai ya mayar da takobin kube. Ba tausayi ya hana shi ba, ba kuma tsoro ba. Lissafi ya yi: in ya kashe shi yana cikin tuba, mutumin zai dace da rahama, alhali mahaifinsa an ɗauke shi ba shiri da zunubansa a wuya. Gara ya jira ranar da zai same shi a buge, ko a kan caca, ko cikin wata alfasha, don ya wuce wuta kai tsaye. Fatalwar rai ta nema a madadin rai. Hamlet ya ƙara da lahirar mutumin, abin da ba hurumin ɗan Adam ba ne. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, haka ne, amma wannan har ta wuce gona da iri. Abin takaicin ma, yana fita Claudius ya tashi yana cewa addu'ar ba ta je ko'ina ba, don zuciyarsa ba ta bi bakinsa ba.

To sai me? Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa Gertrude, ya ji motsi a bayan labule, ya soka takobi bai ko ɗaga labulen ba. Gawar tsoho Polonius, mashawarcin sarki, aka jawo. Ina jinkirin a nan?

Haka ya yi wa abokan ƙuruciyarsa Rosencrantz da Guildenstern a cikin jirgin ruwa kan hanyar Ingila. Ya sace wasiƙar da ke ɗauke da hukuncin kisansa, ya rubuta wata, ya buga mata hatimin mahaifinsa, ya ce a kashe masu ɗauke da ita nan take, kada a ba su ko lokacin tuba. Ka ji maganar tuban nan ta sake dawowa. Kuma babu inda wasan ya nuna sun san abin da ke cikin wasiƙar farko.

In saurin hannu ake so, ga Laertes ɗan Polonius nan. Yana jin an kashe mahaifinsa ya baro Faransa, ya tara jama'a suka ɓalle ƙofar fada, har yana cewa ko a cikin coci zai yanka Hamlet. Cikin zama ɗaya Claudius ya juya shi kamar waina, ya mai da shi karen farautarsa, kuma takobin da Laertes ya shafa wa guba da hannunsa shi ya kashe shi. Fortinbras na Norwe, wanda shi ma aka kashe masa uba amma baffansa ya taka masa birki, shi ya shigo a ƙarshe ya tarar da gawarwaki a ƙasa da gadon sarauta ba kowa.

Wani abin da makalar ta tsallake: labarin ba Shakespeare ya fare shi ba. Saxo Grammaticus, wani masanin tarihi ɗan Denmak, ya rubuta shi wajen shekara ta 1200, kuma a can Amleth, wato Hamlet ɗin nasa, ya ƙone fada, ya kashe baffansa, ya hau mulki ana yi masa kirari. Da Shakespeare ya ɗauko labarin wajen 1600, ya hana yaron wannan nasara da gangan, ya kuma sa Ophelia, 'yar Polonius, a ciki ta haukace ta nutse a rafi, ita da ba ta ci bashin jinin kowa ba.

Ina jiran marubucin ya faɗa mana yadda ya fahimci wancan takobin da aka mayar kube.

Naka,
Wani tsohon malamin adabi