Sanarwa kan canza kwamfutarmu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tsohuwar kwamfutarmu ta tebur ta gaji. Jiya fankarta ta dinga ƙara kamar injin markaɗe, da na buɗe ta, ƙura ce fal ciki. Ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kwamfutar tamu kuwa ba ta ɗaukar Windows 11.

Shawarata mu haɗa sabuwa mai jan manyan wasanni: RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 16GB, SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri), da katin hoto irin RTX 3060. Amma don Allah kada mu yi rowa wajen fanka da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta), kun san zafin Sakkwato da ɗaukewar wuta.

Mai ajiya a tsohuwar ya zo ya kwashe kafin Juma'a.