A waiwayi Kogin Nun, inda ruwan Rima ke shiga teku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku in yi magana kan Kogin Nun na Jihar Bayelsa, domin mu Sakkwatawa muna da ruwa da tsaki a cikinsa. Ruwan da aka sako daga madatsar Goronyo yakan bi Rima, ya ratsa Argungu, ya faɗa Kwara, kuma Nun na cikin rassan da Kwara ke bi ta shiga teku a Akassa.

Tarihi ma ya haɗa mu. A 1824 Baturen Birtaniya Clapperton ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana neman inda Kwara ta ƙare. Ya sake dawowa, ya rasu a nan a 1827 bai ga wurin ba. Yaronsa Richard Lander ne ya bi kogin a 1830 har ya fita teku ta Nun. Daga nan jiragen fatauci suka samu ƙofa, kamfanin Royal Niger na Turawan Birtaniya ya kafa sansani a Akassa ya toshe wa mutanen Nembe cinikin manja, har Sarkin Nembe Koko ya kai masa hari a 1895.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da wurin yake ciki yau. Sau biyu a rana teku kan cika ta turo ruwan gishiri cikin mashigan, sannan ta janye. A cikin wannan taɓo itatuwan mangurof suke tsirowa, saiwoyinsu a waje, a nan kifi da jatan lande suke hayayyafa, itatuwan ne kuma suke riƙe gaɓa kada igiyar ruwa ta cinye garuruwa. Idan ɗanyen mai ya malala, cikar tekun ce take kai shi lungu-lungu, ya lulluɓe saiwoyin, itacen ya mutu a tsaye. A 2021 wata rijiyar mai a Nembe ta yi sama da wata guda tana ambaliya. Wallahi abin tausayi ne, masunci ya wayi gari komarsa na warin mai.

Mun san zafin kwararowar hamada a Illela da Gada, bai kamata mu kau da kai ba. Don Allah ku tura wakili Akassa ya ji ta bakin masunta, ya kuma tambayi NOSDRA, hukumar da ke sa ido kan malalar mai, inda aka kwana kan tsabtace wuraren da man ya ɓata da sake dasa itatuwan.

Naku,
Mai karatu daga Sakkwato