A Daina Haɗa Broila Da Kajin Ƙwai A Akurki Ɗaya

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni fili in ja hankalin masu kiwon kaji a gida, musamman matan aure da ke sayo broila, wato kajin nama, kafin Sallah su zuba cikin kajinsu masu ƙwai wai ai duk kaji ne.

Wallahi ba ɗaya ba ne. Broila sati 6 zuwa 8 ta kai yanka, ita kuwa mai ƙwai sai wajen sati 18 zuwa 20 za ta fara saka, to ta yaya za su ci abu ɗaya? Abincin leyas, wato kajin ƙwai, an cika shi da sinadarin kalsiyam saboda ɓawon ƙwai, in ɗan tsakon broila ya daɗe a kansa ƙodarsa yake taɓawa, kuma ba zai yi nauyi ba. Ga shi broila ba ta da zafin nama, za ka ganta kwance a bakin mazubin abinci ƙirji duk ya tsige, manyan kajin suna ta tsattsagarta ta kasa ko gudu, in kuma zafin watan Afrilu ya zo ita ke fara buɗe baki tana haki. Abin yana ɓata min rai sosai, dan kuɗin adashe ne ake zubawa.

Ba sai an gina wani ɗaki ba, ragar waya ta isa a raba, kowa da mazubin ruwansa, a riƙa canza buntun shinkafa da zarar ya jiƙe. A yi musu rigakafin cutar gumboro da na Lasota, wato maganin rigakafin cutar kaji ta Newcastle, kan lokaci. Wanda kuma yake son nama da ƙwai a tare, nau'in kazar da ake kira noila ta fi masa sauƙi.

Naku, mai karatu daga Zariya.