Amsa ga Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu kan Ruwan Sabuwar Burtsatse

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron gari, gaban dagaci da liman, ka tambaye ni yadda ruwan da ke fitowa garai-garai daga cikin dutse zai zama cuta. Ka ƙara da cewa ko masu ruwan leda ne suka saye ni, shi ya sa na ce kada yara su sha ruwan sabuwar burtsatse. Aka tashi taro ba a ba ni dama ba.

Maganar saye ita ta fi yi mini ciwo, domin kai ka san gidan da na fito. Tun da na fara aikin gwajin ruwa ba a taɓa kama ni da ƙwandalar wani ba, kuma 'ya'yan ƙanwata a famfon nan suke ɗiba. Ka san ma babu mai buga ruwan leda a garin nan. Abin da mutane ke gani shi ne da sunanka aka buɗe burtsatsen, ga zaɓen ƙungiya ya matso.

Ruwa ba ya tsami banza, Alhaji. Ruwan sama in ya nutse, yakan daɗe kwance cikin abin da ya tarar, yana narkar da shi kaɗan-kaɗan. Mu nan ƙasar Doguwa a kan dutsen giranit muke, ruwanmu a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa yake taruwa. Duwatsun Riruwai, inda aka yi ta haƙar kuza, suna ɗauke da ma'adanai masu sinadarin fuloraid. Shi kuwa ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin kowace lita, ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007 ma haka ya ce. Gwajin da na yi ya nuna namu ya haura. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori, amma in ya yi yawa, yaron da bai kai shekara 8 ba haƙoransa za su fito dabbare-dabbare, ja-ja kamar na tsohon maci goro, kuma asuwaki ba ya fitarwa. In yawansa ya tsananta, shekaru suka tura, har ƙashi yake taɓawa. Ka tambayi mutanen Kaltungo a jihar Gombe ko Langtang a jihar Filato, inda ake fama da wannan matsala. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara tattara shi ma take yi.

Ka ce a wajen surukanka na Gumel ba a wannan surutu. Ai can ƙasar yashi ce da yumɓu, shimfiɗar kwarin Tafkin Chadi. Damuwarsu daban: wani wuri zartsi, wani wuri ruwan da za a zuba a randa fari tas, kafin la'asar ya yi ja saboda ƙarfe. Su ido da harshe ne ke faɗa musu. Mu namu ɓoye yake.

Batun cewa kakanni sun sha sun rayu, ai rijiyarsu ba ta kai zurfin nan ba.

Abin da ke ƙona mini rai ya wuce garinmu. A kawo injin, a huda dutse, ruwa ya yi tsiri, a yi guɗa, a ɗauki hoto, a biya ɗan kwangila. Ba mai cewa ina takardar gwaji, alhali kuɗinta bai kai na rumfunan bikin buɗewa ba. Wanda ya tambaya kuma sai a ce maƙiyin ci gaba ne.

Ban ce a rufe burtsatsen ba. A yi wanka, a yi wanki. Na sha da girki kuwa a ɗebo a tsohuwar rijiyar masallaci, wadda na auna na tarar fuloraid ɗinta bai kai iyaka ba, amma a tafasa saboda ƙwayoyin cuta.

In ba ka yarda da awona ba, ka ɗebi ruwan da hannunka a sabuwar jarka, ka zaɓi ɗakin gwajin da ka amince da shi a Kano, ni zan biya. A karanta sakamakon a gaban mutanen da ka tambaye ni a gabansu.

Wassalam,
Ɗanka, ma'aikacin gwajin ruwa