Wasiƙa daga Fatakwal

Assalamu alaikum Malam Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Yaya Gombe? Mu nan damina ta hana mu sakat.

Ka tambaye ni ko rijiyoyin Kolmani, waɗanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022, za su daɗe suna ba da mai. Allah ya sa. Abin da nake ji musu tsoro shi ne abin da ke cin rijiyoyinmu a nan Neja Delta, wato ruwa.

Mai yana zaune ne cikin ƙananan ƙofofin dutse. Gas a sama, mai a tsakiya, ruwan gishiri a ƙasa, kamar yadda manja ke tasowa kan miya. Da farko ruwan nan alheri ne, domin shi ke turo man zuwa rijiya. Amma ya fi mai saurin ratsa dutse. In aka yi haɗama aka buɗe rijiya sosai, sai ya taso ya yi tsini daidai ƙasan ramin, ya shige. Da zarar ya sami hanya, da wuya ya koma, man da ya bari a gefe kuwa ya maƙale ke nan.

Da ido ake ganin abin. Mukan ɗebo abin da rijiya ke fitarwa a kwalba mu ajiye. Jim kaɗan sai ruwa ya kwanta, mai ya zama ɗan siririn layi baƙi a bisa. Akwai tsofaffin rijiyoyin da kashi tara cikin goma na kwalbar ruwa ne. Ga yashi da yake jawowa yana cinye ƙarafa, ga tsatsa, ga gishiri yana daskarewa cikin bututu. Nauyin ruwan kan hana mai tasowa da kansa, sai an hura wa rijiyar gas. Rijiyar gas kuwa shaƙe ta yake yi gaba ɗaya. Sannan dole a tace shi a mayar ƙasa, don in ya malala rafi, masunta ne za su kwana a ciki. Wannan ya fi komai damuna.

Akwai dabaru: a rage buɗin rijiya, a toshe inda ruwan ke shiga da siminti, ko a haƙa ramin a kwance. A filin mai na Ghawar a Saudiyya da gangan ake tura ruwan teku ta gefen filin don ya turo man, amma da awo da lissafi. A ganina, Kolmani injiniyoyi masu haƙuri take buƙata, da shugabannin da ba za su matsa musu lamba su cika ganga da wuri ba.

Ka ce ɗanka na son karanta ilimin duwatsu. Ya dage da lissafi, in na zo hutu za mu zauna da shi. Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka,
Isa